Bayan ruwa ya janye, huhun lebura ke biya

Ranar 29 ga Agusta, 2005, mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Katrina ta afka wa gaɓar tekun kudancin Amurka. Ganuwar da ke tare ruwa daga birnin New Orleans ta ɓalle a wurare da dama, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na garin. Birnin kamar akushi yake, tsakiyarsa ta fi teku ƙasa, don haka ruwan da ya shiga ba shi da hanyar fita sai an zuƙe shi da injina. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a ƙarshen Satumba wata guguwar mai suna Rita ta sake cika wasu unguwannin da aka fara tsanewa. Sai wajen tsakiyar Oktoba hukuma ta ce gari ya bushe.

Duniya ta ga mutane a kan rufin gidaje suna ɗaga hannu ga jirage masu saukar ungulu. Abin da ke gudana a cikin gidajen da aka kulle aka gudu kuwa, babu wanda ya ɗauki hotonsa. Yawancin gidajen can da katako ake gina su, bangon ciki kuma allon farar ƙasa ne da aka manna wa takarda gaba da baya, ga kafet shimfiɗe daga bango zuwa bango. Duk wannan abinci ne ga funfuna. Kwana ɗaya zuwa biyu na danshi ya ishe ta ta fara tsiro, a nan kuwa ta samu makonni, cikin zafi, babu wuta, babu fanka, tagogi a rufe. Da masu gida suka dawo suka ɓalle ƙofofinsu, sai suka tarar bango ya yi baƙi da kore da toka-toka, a wasu ɗakunan har silin, nesa da inda ruwan ya tsaya. Firjin da nama ya ruɓe a ciki ba a ma buɗe shi, ɗaure shi ake yi da salatif a turo shi bakin titi.

A watan Oktoban ne ma'aikatan Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, suka duba gidaje 112 a yankin. Sun ga funfuna ƙuru-ƙuru a kashi 46 cikin 100, a kashi 17 kuma ta yi kaca-kaca da bango. Wasu masu binciken sun auna iska. A ƙa'idar masu lura da cutar asma a ƙasar, in ƙwayoyin irin funfuna suka haura 50,000 a kowace mita guda ta iska, tsawo da faɗi da tsayi, an shiga mataki mafi muni. A cikin wani gida sun ƙirga 645,000.

Wani ne zai shiga waɗannan gidaje ya fitar da kaya, ya yaye kafet, ya farfashe bango har sai katakon ƙashin gida ya fito tsirara. Labarin wannan wani ɗin nake son bayarwa, domin shi ne ba a cika tambayar lafiyarsa ba.

Su wane ne suka yi aikin

Akwai masu gida da suka yi da hannunsu, akwai 'yan sa-kai, ɗalibai da mutanen coci-coci da suka zo daga jihohi masu nisa. Amma nauyin aikin ya faɗa ne a kan leburori, galibinsu baƙi daga Meziko da Honduras da sauran ƙasashen da ke kudu da Amurka. Tun da asuba suke taruwa a wani shataletale da ake kira Lee Circle a lokacin, da bakin shagunan kayan gini, suna jiran motar ɗan kwangila ta tsaya ta kwashi biyar ko goma. Duk wanda ya san yadda leburori ke zama da shebur da diga a bakin titi a Kano ko Kaduna ya san wannan zaman. Binciken da jami'o'in Berkeley da Tulane suka fitar a 2006 ya nuna kusan rabin masu aikin sake gina birnin daga waɗannan ƙasashe suke, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na dukkan ma'aikatan ba shi da takardar zama. Wanda ke tsoron a kama shi a mayar da shi gida ba ya kai ƙarar ubangida don an hana shi takunkumi, ba ya kuma son zuwa asibiti.

Gwamnati ma ta sassauta. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, OSHA, ta dakatar da hukunta masu karya ƙa'ida a yankin na tsawon watanni, ta koma ba da shawara. Shugaba George Bush ya jingine dokar da ta tilasta wa 'yan kwangilar gwamnati biyan ladan da aka saba biya a yanki, sai a Nuwamba aka dawo da ita. Hujjarsu ita ce a hanzarta aiki. Kwangila takan bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso ga mai riƙe da guduma, kowane hannu ya yagi rabonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ma'aikatan CDC ɗin nan sun zanta da masu aikin share funfuna 76. Fiye da rabinsu Sifaniyanci kaɗai suke ji. Kusan dukkansu sun san funfuna na sa ciwo, mafi yawansu sun san irin takunkumin da ya dace. Duk da haka, wajen ɗaya cikin uku ya ce ba kullum yake sawa ba, kuma kusan rabi ba a taɓa gwada ko takunkumin ya zauna daidai a fuskarsu ba. Matsalar ba jahilci ba ce. Mutum ne ke fasa bango cikin zafi mai narka jiki, gumi ya jiƙa takunkumi, numfashi ya yi nauyi, ga ubangida na ƙirga ɗakunan da aka gama.

Abin da ke shiga ƙirji

Funfuna halitta ce mai rai, dangin laimar kwaɗi da yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Abin da ido ke gani a bango kamar ganye ne, saiwoyinta suna can cikin takarda da katako da soso. Tana yaɗuwa ta hanyar iri, ƙanana ƙwarai, yawancinsu mikron 2 zuwa 10. Mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin kai guda kuma kaurinsa ya kai mikron 70 ko kusa da haka. Abu mai wannan ƙanƙanta gashin hanci ba ya tare shi, yakan wuce maƙogwaro ya gangara har ƙarshen rassan huhu.

Kowannenmu yana shaƙar ɗaruruwan irin nan a kullum, jiki ya share su ba tare da mun sani ba. Bambancin mai zama a ɗaki da mai gyaran ɗaki yana ga yawa. Muddin bango na tsaye ba a taɓa shi ba, iri kaɗan-kaɗan yake tashi. Ranar da aka sa masa guduma, ko aka goga masa burushin ƙarfe, ko aka ja busasshen kafet, abin da ya taru na makonni a lokaci guda yake tashi, kuma fuskar da ta fi kusa da shi ta mai aikin ce. Awon da aka yi a wasu gidajen New Orleans ana tsakar aiki ya tabbatar da haka, iskar ɗaki ta fi gurɓata a sa'o'in rushe-rushe.

Mafi yawan abin da ke biyo baya shi ne atishawa, toshewar hanci, ƙaiƙayin ido da maƙogwaro, borin jini a fata, da busasshen tarin da ba ya jin magani. Mutanen garin har suna suka sa masa, tarin Katrina. Mai asma kuwa ciwonsa ke tashi, wani ma da bai taɓa yi ba a nan yake farawa. Likitocin jami'ar Tulane sun bi diddigin mutane kusan 800 a shekarun da suka biyo baya, mafi yawansu sun yi aikin gyaran gidaje. Kusan rabi sun yi fama da ciwon kogon hanci, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun ba da labarin zazzaɓi da tari mai zuwa ya wuce, kuma alamun sun fi yawa ga waɗanda suka fi daɗewa a aikin.

Wannan zazzaɓin ya kamata mu tsaya a kansa, domin a wajenmu shi ne zai fi ruɗa mutane. Lebura ya wuni cikin ƙura mai kauri, ya koma gida lafiya lau. Bayan awa huɗu zuwa goma sha biyu sai sanyi ya kama shi, jiki ya yi zafi, gaɓoɓi su yi ciwo, ƙirji ya ɗaure. Ba ƙwayar cuta ce ta kama shi ba. Garkuwar jikinsa ce ta harzuƙa saboda tarin gutsattsarin funfuna da wani dafi mai suna endotoksin, wanda ke cikin ɓawon bakteriyar da ruwan ƙazanta ya bari. Cikin kwana ɗaya zuwa uku yakan lafa. A Kano ko Damagaram wannan mutumin kemis zai nufa ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, ya ji sauƙi don dama abin zai wuce, ya koma ɗakin da ya sa masa ciwon.

Komawar ita ce haɗarin. Akwai wani ciwo mai kama da wannan a farkonsa, amma shi jiki ne ke riƙe ƙullin gaba da ƙurar, duk ranar da aka sake haɗuwa sai huhu ya kumbura. In aka yi ta maimaitawa watanni da shekaru, naman huhu yakan yi tabo ya ƙandare, tabon kuma ba ya gogewa. Mutum ya kai ga hawa matakala biyar sai ya tsaya ya huta. Tun 1932 wani likita a arewacin Ingila ya bayyana shi a jikin manoman da ke juya ciyawar da ta yi funfuna, shi ya sa ake ce masa huhun manomi.

Sai kuma lokacin da funfunar kanta ta tsiro a cikin mutum. Jagora a nan ita ce asfajilas, musamman nau'in da ke jure zafin jikin ɗan Adam, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun farko na jerin funfuna 19 mafi haɗari da ta fitar a 2022. Ga mai ƙoshin lafiya da wuya ta kama. Ga wanda garkuwarsa ta faɗi, kamar mai shan maganin cutar kansa, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai cuta mai karya garkuwar jiki da ta yi nisa, tana iya ratsa huhu ta shiga jini ta kashe cikin kwanaki. Shawarar likitoci a kan irin waɗannan mutane ba ta da kwana-kwana: kada su shiga gidan da ake aikin, ko da leƙawa.

Rigimar baƙar funfuna

A Amurka in aka ce funfuna, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne baƙar nan mai santsi da masana ke kira Stachybotrys. Tsoronta ya samo asali daga birnin Cleveland. Tsakanin 1993 da 1994 an kai jarirai goma asibitin yara huhunsu na zubar da jini, ɗaya ya rasu. Likita Dorr Dearborn da abokan aikinsa sun lura yawancinsu daga gidajen da ruwa ya ɓata suke, binciken farko na CDC kuma ya ɗora zargi a kan baƙar funfuna. A shekarar 2000 cibiyar ta sake duba aikin nata, ta ce an yi kurakurai a lissafi, alaƙar ba ta tabbata ba. Amma magana zarar bunu ce. A 2001 wata kotu a Texas ta yanke wa wani iyali diyyar dala miliyan 32 a shari'arsu da kamfanin inshora kan gidan da funfuna ta cinye, ko da yake an zaftare kuɗin a ɗaukaka ƙara. Daga nan share funfuna ya zama babbar sana'a, da masu gaskiya da masu cin kasuwar tsoro.

A 2004 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta tattara binciken da aka yi, ta ce akwai isasshiyar hujja cewa danshi da funfuna suna da alaƙa da tari, da shesheka, da ciwon hanci da maƙogwaro, da tashin asma. Game da mantuwa da kasala da sauran abubuwan da ake jingina wa dafin baƙar funfuna, ta ce hujja ba ta isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 2009, ta ƙara da cewa babu wani adadi da za a ce ƙasa da shi lafiya lau ne, abin yi shi ne a hana danshi, a kawar da abin da ya tsiro. Har yau dokar tarayyar Amurka ba ta ƙayyade yawan funfunar da ya halatta ma'aikaci ya shaƙa ba.

A ganina wannan rigimar ta cuci lebura ta fuska biyu. Wanda ya firgita da launi yana ɗauka fara da koriya ba su da illa, alhali asfajilas ɗin da ta fi kisa sau da yawa koriya ce ko toka-toka. Wanda kuma ya ji an ce ba a tabbatar ba, sai ya ɗauka duk maganar shaci-faɗi ce, ya hana yaransa kayan kariya. Ciwon da aka tabbatar ya isa dalili.

Ruwan ambaliya ba ruwan sama ba ne

Gidan da ambaliya ta kwana a ciki ba funfuna kaɗai ya tara ba. Ruwan ya bi ta masai da kwata da bola da mushe kafin ya iso falo, ya kuma bar laka a ƙasa. A makonni biyu na farko bayan Katrina an samu mutum 22 da suka kamu da bakteriyar Vibrio, 'yar'uwar mai haddasa kwalara, 18 daga cikinsu ta rauni ta shige su, biyar suka mutu. Ƙusa mai tsatsa a jikin katako tana kawo cutar sarƙe-haƙora ga wanda allurarsa ta wuce shekara goma. Fitsarin ɓera a cikin laka yana ɗauke da leftosfira, wadda ke shiga ta ƙujewar fata ko ido, ta fara da zazzaɓi, ta iya ƙarewa da shawara da lalacewar ƙoda. Ko funfunar ma ba ta hanci kaɗai take shiga ba. Bayan guguwar da ta ragargaza garin Joplin na jihar Missouri a watan Mayun 2011, mutum 13 da tarkace ya soka sun kamu da wata funfuna mai cin nama, biyar daga cikinsu ba su rayu ba.

Saman silin ma duniya ce ta daban. Inda jemagu ko tantabaru suka daɗe suna kashi, wata funfuna mai suna histofilasma takan yi gida a cikin busasshen kashin. Mai yaye silin yana tsaye a ƙasa, fuskarsa na kallon sama, duk abin da ya zubo a kansa yake sauka. Ciwon da take sawa yana kama da tarin fuka har a hoton ƙirji.

Takunkumi a kife

Binciken da ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne. A watan Maris na 2006 masu bincike suka bi gida-gida a New Orleans, suka miƙa wa mutane 538 takunkumin N95 da takardar bayaninsa, suka ce kowa ya sa su gani. Kashi 24 cikin 100 ne kawai suka sa daidai. Kashi 71 ba su matse ƙarfen kan hanci ba, fiye da rabi sun karkata igiyoyin, kashi 22 kuma a kife suka sa shi. Kuma yawancin mutanen nan sun riga sun taɓa amfani da wani irin takunkumi.

Ingancin N95 yana ga zamansa a fuska. Yadinsa yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, amma iska ba ta son wahala, in ta samu kafa a gefen hanci ko ƙarƙashin haɓa ta nan za ta bi. Shuɗin takunkumin asibiti da muka saba da shi a zamanin korona, da hankici, da gefen rawani, duk ba a yi su don wannan aikin ba. Akwai kuma maganar da ta shafe mu kai tsaye: gemu da saje suna hana takunkumi kama fata. Da yawa daga cikin mazanmu suna ajiye gemu don addini, ba kuma daidai ba ne a ce wa mutum ya zaɓa tsakanin gemunsa da abincinsa. Akwai hular da ke rufe kai gaba ɗaya, mai ɗan inji da ke turo tatacciyar iska, ita ba ruwanta da gemu, sai dai tsada. Inda babu ita, shugaban aiki mai tausayi zai ba mai gemu aikin waje, ya bar rushe-rushen ciki ga wanda takunkumi ya zauna masa.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar fahimta. Birnin New York ne ya fara rubuta su a 1993, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar da nata a 2001, inda ta kasa aikin bisa faɗin wurin da ya lalace. In bai kai mita ɗaya tsawo da faɗi ba, mai gida zai iya da N95 da safar hannu da tabarau marar kafa. In ya haura wajen mita uku tsawo da faɗi, aikin ƙwararru ne: a killace ɗakin da leda, a sa injin da ke zuƙe iska ya tace ta ya fitar waje, ma'aikaci ya sa rigar da ake yarwa bayan aiki. Kafin komai a toshe inda ruwa ke shigowa, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. Abin da ke shan ruwa, katifa da kafet da kujerar soso da allon silin, ba ya wankuwa, a naɗe shi a leda a fitar. Abu mai tauri a wanke da ruwa da omo a busar. A yayyafa ruwa kafin a kankare, kada a share a bushe. Fenti a kan funfuna ɓoye ta ne kawai, za ta ɓullo.

Mutane sun yarda da bilic fiye da kima. Yana kashe abin da ke saman tayil da siminti, amma ba ya kai wa ga saiwar da ke cikin katako, kuma mataccen iri yana tayar da asma kamar rayayye. Kashewa ba ta wadatar ba sai an kwashe. In za a yi amfani da shi, kofi ɗaya a lita huɗu na ruwa ya isa, taga a buɗe, kada kuma a gauraya shi da wani maganin wanki, domin haɗuwarsa da amoniya ko asid tana fitar da hayaƙi mai ƙona huhu.

Doka ta fara waiwayar mazaunin gida. A Ingila, rasuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu da iyayensa suka fito daga Sudan, wanda ya mutu a garin Rochdale a Disambar 2020, ta girgiza ƙasar bayan mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar a 2022 cewa funfunar gidan hayarsu ce sanadi. An yi doka da sunansa da ke tilasta wa masu gidajen haya na jama'a gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Abu ne mai kyau. Amma kowace irin wannan doka ƙarin aiki ce ga mai kankara, shi ma yana bukatar wanda zai tsaya masa.

Daga New Orleans zuwa Gwange

Daren 9 ga Satumba, 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malalo cikin Maiduguri, shekara talatin bayan irin wannan ta 1994. Ruwa ya shiga Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Bayan 'yan makonni gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Hankali ya tafi can, kuma ya dace ya tafi. Amma da ruwa ya janye, waɗanda suka shiga ɗakuna da shaguna suka kwashe laka su ne matan gida, da samari, da leburorin da aka ɗauka a kan jinga, da yawansu da silifa da tsintsiya.

Gininmu ya bambanta da nasu. Bulo da siminti ba sa ciyar da funfuna kamar allon takarda, rana da iskar hunturu kuma suna busar da abu da sauri. Sai dai abin da ke cikin ɗakin iri ɗaya ne: katifar soso, kujerun kushin, kafet, kwabar da aka yi da matsattsen garin katako, silin, littattafai, buhunan hatsi. Kuma talaka ba ya yar da katifa. Shanya ta zai yi, ya bubbuge ta da sanda, samanta ya bushe cikinta na jiƙe, ya shimfiɗa wa yara. Ban ga laifinsa ba, ba shi da wata. Wannan ya sa nake ganin duk mai rabon kayan agaji bayan ambaliya ya kamata ya lissafa katifa da tabarma da N95 da rambut da safar roba a sahu ɗaya da shinkafa.

Muna kuma da rauni guda da New Orleans ba ta da shi da yawa, wato tarin fuka. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya. Wanda ya warke sau da yawa yakan rage da kogo a huhu, asfajilas kuma ta shiga kogon ta yi ƙwallo a ciki, a hankali ta ci gefensa. Alamunta tari, rama, gumin dare, tofar da jini, wato sak tarin fuka. Sai a gwada majina ba a ga komai ba, a sake ɗora mutum a kan maganin wata shida da ba zai taɓa funfuna ba. Dakta Rita Oladele ta Jami'ar Legas da abokan aikinta sun duba irin waɗannan marasa lafiya 208 a Legas da Ilorin, suka wallafa a 2017 cewa kusan kashi 9 cikin 100 wannan ciwon ne ke damunsu. Duk wanda ya taɓa shan maganin tarin fuka, ko yake da asma ko ciwon suga da bai saitu ba, bai kamata a sa shi yaye silin ko juya ruɓaɓɓen hatsi ba.

Hatsin ma abin dubawa ne. Masara da gyada da suka sha ruwa suka yi funfuna suna tara dafin afalatoksin, wanda dafuwa ba ta kashe shi, kuma yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanta, balle ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A gabashin Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta bayan cin irin wannan masara, 125 suka mutu. Mai kwashe buhunan daga shago ko rumbu yana shaƙar ƙurarsu, in kuma aka ba shi wani abu daga ciki a matsayin lada, ya kai gida an tuƙa tuwo. Zuba wa shanu ma ba mafita ba ce, dafin yana fitowa a madara. A rumbu da sito akwai kuma ɓera, mai baza zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, ciwon da ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno a 1969. Shara a bushe a irin wannan wuri tana tayar da shi sama.

Kayan aikin ma suna bin mutum gida. Rigar da ta wuni cikin ƙura in aka kakkaɓe ta a tsakar gida, uwargida da ke wanki da jaririn da ke bayanta sun samu rabonsu. A tuɓe ta a wurin aiki, a ƙulle a leda, a jiƙa ta kafin a wanke ta ita kaɗai, mai aikin ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a kwano.

Fiye da shekara 300 da suka wuce, wani likitan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya lura da yadda ƙurar hatsi ke cin ƙirjin masu tankaɗe da masu awo, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar marar lafiya sana'arsa. A ɗakin duba marasa lafiya na ƙaramin asibiti, inda ma'aikaci ɗaya ke ganin mutum ɗari a wuni, wannan tambayar ce ta fara faɗuwa. Saurayi ya zo da zazzaɓi da tari wata guda bayan ambaliya, gwajin cizon sauro bai nuna komai ba. Kafin a rubuta masa allura, a ce masa: malam, wane aiki ka yi a makon nan, a wane ɗaki, me ka ɗaura a hancinka?